Manomi, Shanun Huɗa da Bikin Ɗansa

A wata shekara da damina ta yi kyau, bayan an kai amfanin gona gida, akwai wani manomi da ya tashi yi wa ɗansa aure. Shi ba mai arziki ba ne, ba kuma matalauci ba. Yana da rumbu biyu, da 'yar fadamar shinkafa, da awaki kaɗan, da shanun huɗa guda biyu. Ɗaya ja ne, ana ce masa Jatau. Ɗayan baƙi wuluk, ana ce masa Duna. Tun suna ƙanana aka haɗa su a karkiya ɗaya. Tsayinsu ɗaya, takunsu ɗaya, har in sun kai ƙarshen kunya ba sai an yi musu magana ba, da kansu suke juyawa.

Ɗan manomin, Filibus, shi ne mai riƙe garma. In ruwa ya sauka yakan fara huɗe gonar gida, sa'an nan ya bi gonakin mutane yana yi musu huɗa suna biyansa. Da rani kuma ya ɗaura wa shanun amalanke, ya yi dakon yashi da itace da taki. Da wannan aiki ya tara sadaki, da shi ya sayi kwanon rufin ɗaki, da shi kuma yake sa ran ciyar da yarinyar da zai aura. Sunanta Tabita, 'yar wani dattijon ikilisiya ce a ƙauyen da ke hayin rafi.

Ranar da aka je sa rana, manomin ya tafi gidan dattijon tare da 'yan'uwansa. Aka yi addu'a, aka sha kunu, aka tsayar da Asabar ta bayan Kirsimeti. Ana shirin tashi sai kawun yarinyar, wani mutum mai yawan barkwanci, ya gyara zama ya ce, “To, mutanen ƙetare, ku dai ku sani. Da aka aurar da yayar yarinyar nan, sa guda aka kayar. Har yau haƙorana ba su gama hutawa ba.”

Aka yi dariya. Wasa yake yi, kowa kuma ya san wasa ne. Manomin nan ba mai fariya ba ne, a garinsu ma da ƙarancin magana aka san shi. Amma ya ga ƙannensa biyu sun dube shi ta gefen ido, ya ga samarin gidan suna murmushi, sai ya ji bakinsa ya ce, “Ai mu ma sa za mu kayar.”

Wata tsohuwa a bayan zana ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka amsa. Kafin ya sa takalmansa maganar ta riga shi fita ƙofar gida. Dattijon, uban yarinya, bai ce kome ba sai “Allah ya kai mu,” idonsa a kan tabarma.

Matar manomin ta daɗe tana shirin bikin nan a hankali, ba tare da ta kira shi shiri ba. Ta ware bunsuru biyu tana yi musu kiwo tun damina. Ta hana a taɓa zabinta. Ta ɓoye shinkafar fadama a ɗakinta, ta busar da kuɓewa da tattasai, ta matse man gyaɗa ta rufe a tulu. Zumuntar matan ikilisiya ta yi mata alkawarin manyan tukwane da hannun girki. A kanta ta riga ta san bakin mutum nawa abincin zai ratsa, ta kuma san ba zai wuce haka ba.

Da mijinta ya dawo ya same ta a inuwar ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Ta kawo masa ruwa, ta bari ya sha, sa'an nan ta ce, “Maigida, an ce an yi guɗa a hayi. Wane sa ne?”

Ya ce, “Duna.”

“Duna na Filibus?”

“Duna nawa. Ni na saye shi yana maraƙi.”

“Naka ne,” in ji ta. “To wa zai tsaya a gefen Jatau?”

“In an yi biki gudummawa za ta shigo. Sai mu sayi ɗan bijimi kafin ruwa ya sauka.”

“Ɗan bijimin da bai san karkiya ba? Ka manta yadda Duna ya yi ta kai ka ƙasa kafin ya koya? Damina guda kuka yi kuna kokawa, ni ina gasa maka baya.”

“Na riga na faɗa a gaban surukai. An yi guɗa.”

Ta ce, “Guɗa ai kyauta ce, Maigida. Wadda ta yi ta ta koma ɗakinta ta miƙe ƙafa.”

Daga nan ba ta sake tayar da maganar ba. Ta san mijinta. In aka gaya masa abu sau ɗaya yakan tafi da shi gona ya yi ta juya shi. In aka maimaita, sai ya daina duba maganar ya koma tsaron kansa.

Da aka gaya wa Filibus, abin da ya ce kawai shi ne, “To, Baba.” Yaro mai kunya ba ya musu da ubansa a kan bikin da ake yi dominsa. Ya dai daɗe a wurin turke ran nan yana sosa wa Duna wuya. Uban ya gani, ya ɗauki shirun a kan yarda, domin yardar yake bukata.

Aka raba Duna da ɗan'uwansa, aka ɗaure shi a bayan gida. Aka hana shi aiki don ya yi ƙiba, ana tura masa dusa da kanwa da harawa. Jatau ya yi ta kuka yana juya kai wajen katanga.

Ba a jima ba manomin ya tarar cewa sa yana da 'yan rakiya. Tun da nama zai yi yawa, dole a aika wa dangin nesa da ba a yi niyyar gayyata ba. Tun da za su zo, shinkafar fadama ba za ta isa ba, sai an sayo. Tun da taron ya girma, bencin coci ba zai ɗauka ba, sai an yi hayar kujeru da rumfuna daga gari. Matan dangi kuma suka ce bikin da aka kayar da sa ba a zuwa da tsohon zane, sai anko. Kowace safiya wani ya yi sallama da sabuwar bukata, kowa kuma da hujja ɗaya yake farawa: “Tun da sa za a yanka...”

Ana cikin haka, ɗakin amarya bai kai ga rufi ba. Tubalin da Filibus ya buga a bakin kududdufi ya bushe, sai ɗaukowa. Manomin ya je wurin maƙwabcinsa ya roƙi aron sa guda na yini ɗaya. Maƙwabcin ya kawo wani fari dogo mai manyan ƙahoni, ya biyo shi da kansa, domin ba ya yarda dabbarsa ta yi nisa da idonsa.

Aka haɗa farin da Jatau, aka loda tubali. Tun daga tashi abin ya ƙi. Farin ya fi tsayi, sai karkiya ta karkace, ta sauka a wuyan Jatau tana cinsa. Farin mai sauri ne, Jatau kuwa ya saba da takun Duna. Ɗaya ya ja gaba, ɗaya ya toge, amalanke ta yi ta tafiya a kaikaice. Da suka kai inda ruwan damina ya zaizaye hanya, ƙafar amalanke ɗaya ta faɗa rami. Tubali ya zube, da yawa suka farfashe. Farin ya firgita ya fara harbi.

Maƙwabcin ya yi tsalle ya kwance abinsa. “Ba za a karya mini sa a banza ba,” in ji shi. “Ga naku can a bayan gida yana cin dusa kamar shi ne angon.” Ya ja igiyarsa ya tafi.

Aka bar manomin da ɗansa a tsakiyar hanyar kasuwa, rana ta take, amalanke a karkace da sauran kaya a ciki.

Filibus ya ce, “Baba, bari in je in kwanto Duna.”

“A'a. Ƙibarsa za ta zube. Kai dai tura ta baya.”

Manomin ya tuɓe rigarsa ya rataye, ya sunkuya, ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin karkiya, a gefen da ba kowa. Ya yi wa Jatau tsawa, ya yunƙura. Amalanke ta motsa kaɗan ta koma.

Daidai lokacin wasu mata suka biyo hanya za su kasuwa. A cikinsu akwai taubashiyarsa, wadda tun suna yara ba ta taɓa raga masa ba. Ta tsaya, ta riƙe haɓa, ta ce, “Jama'a, ku zo ku gani! Duna ya sa hula!” Matan suka ajiye kaya suka yi ta dariya. Ta ƙara da cewa, “Sannu da aiki, Duna. Ashe kai ma an hana ka dusa yau?”

Bai ɗago ba. A inda yake, kansa dab da kan Jatau, yana jin numfashin dabbar a kunnensa, yana ganin inda karkiya ta saɓule mata fata, ƙudaje har sun fara taruwa. Itacen ya nutse a kafaɗarsa. A nan ne, ba a gaban matarsa ba, ya ga daminar da ke zuwa. Ya ga ruwan fari ya sauka, ƙasa ta yi laushi, kowa yana rige-rigen huɗa kafin ta bushe. Ya ga mutanen da suka saba yin sallama da sassafe suna neman Filibus sun wuce ƙofarsa sun tafi gidan wani. Ya ga ɗansa yana fama da ɗan bijimin da bai san hagu da dama ba, in ma an samu sayensa. Ya ga 'yar mutane zaune a sabon ɗaki, an kawo ta da kiɗa da nama, tana jiran abin da za ta ɗora a wuta.

Ya zame daga ƙarƙashin karkiyar, ya miƙe da ƙyar yana dafe da ƙugu. Ya ce wa ɗansa, “Je ka kwanto shi.”

Filibus ya tafi da gudu. Da aka kawo Duna, ba wanda ya nuna masa wuri. Ya zaga ya tsaya a gefen Jatau, ya sunkuyar da wuya. Aka ɗaura. Filibus ya yi ɗan fito, shanun suka taka tare, amalanke ta fito daga ramin kamar ba ta taɓa shiga ba.

Kashegari manomin ya sa rigarsa ta zuwa sujada ya nufi hayi. A hanya ya shirya magana iri-iri, ya zubar da su duka kafin ya haye rafi. Bai sami dattijon a gida ba. Aka ce yana fadamarsa. Can ya same shi tare da wani baƙo, suna zaga gonar, baƙon yana duba iyakarta yana gyaɗa kai. Da aka gaisa, baƙon ya ja gefe ya ba su wuri.

Manomin ya ce, “Dattijo, da kunya na zo. Maganar san nan ce. Ni ba ni da san yanka. Na huɗa gare ni, guda biyu, su ne hannuwan yaron nan. Ran nan bakina ne ya riga ni. Abin da ke gidana bunsuru biyu ne, da zabi, da shinkafar da muka noma. In za a yi mini dariya, gara a yi ta yanzu.”

Dattijon ya dube shi. Sa'an nan ya juya ya ɗaga murya ya kira baƙon. “Malam, ka yi haƙuri da wahalar da na ba ka. Fadamar nan ba za a jinginar ba.”

Da baƙon ya tafi, dattijon ya zauna a kan kunya kamar wanda aka sauke wa kaya. “Baban ango,” ya ce, “tun ranar da aka yi guɗar nan ban ci abinci ya zauna mini ba. Matan gidana suka ce gidan da ya kayar da sa ba a kai masa amarya da ƙaramar gara. Sai gado na zamani, sai kujeru, sai buhuna a jere. Ni kuwa me nake da shi? Wannan fadamar ce kaɗai.”

“To me ya hana ka faɗa?”

“Abin da ya hana ka.”

Suka dubi juna, sai dariya ta kama su, irin ta tsofaffi, mai haɗe da tari. Da ta lafa, dattijon ya share ido ya ce, “San bikin yayarta ma da ake ta faɗa, a bakin rijiya ya zame ya karye ana saura kwanaki kaɗan. Dole ce ta sa aka yanka. Mai shi kuka ya yi.”

A nan kan kunyar kowannensu ya faɗi abin da yake da shi, ba ƙari. Daga baya suka haɗa matansu, domin su ne suka san bakin da tiya ɗaya take ciyarwa. Aka fasa anko. Aka fasa hayar kujeru. Samarin ikilisiya suka kafa rumfar zana, aka ɗebo benci daga coci. Dangin nesa da aka riga aka aika wa, aka bar su su zo, sauran kuma aka aika musu da gaisuwa.

Ranar biki fasto ya ɗaura aure, aka yi waƙoƙi, aka fito cin abinci. Ya isa, amma da ƙyar, tsokokin nama kuwa ƙanana ne. Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Wata gwaggo da ta zo daga birni ta juya naman da ke kwanonta da cokali, ta tashi da wuri. Tsohuwar da ta yi guɗa ta ce an sa ta ɓarnar murya. Kawun amarya kuwa ya tari manomin a tsakiyar mutane ya ce, “Baban ango, ina san? Na zo da tsinken sakace har biyu.”

Manomin ya nuna hanya da haɓa ya ce, “Ga shi can tafe, Kawu. Shi ke ɗauke da kayan 'yarka.”

Jatau da Duna ne suke hawowa daga rafi, amalanke cike da kwanuka da tabarmi da akwatin amarya, 'yan mata na biye suna waƙa. Kawun ya duba, ya ce, “Wannan kam sai dai kallo,” ya koma ya nemi ƙafar bunsuru.

Sunan Duna ya bi manomin a bakin matan garin shekara da shekaru, yakan kuma amsa. Da ruwa ya sauka, Filibus ya huɗe gonar gida, ya huɗe na mutane, ya haye rafi ya huɗe fadamar surukinsa. Tabita ce take kai masa abinci.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan.

Manomin nan kowane ɗayanmu ne, ranar da aure ya zo gidansa. Shanun huɗa su ne abin da gida yake ci daga gare shi. A wani gida keken ɗinki ne, a wani babur ne, a wani jarin shago, a wani gona, a wani kuma albashin watannin da ba a riga an yi aikinsu ba. A kowane gida akwai abin yanka, akwai abin huɗa. Shirin biki na gaskiya yana farawa ne daga rarrabe su. Abin da ya rage bayan an ware na huɗa, shi ne girman bikinka, ko ya yi maka daɗi ko bai yi ba. Gudummawar da ba ta shigo hannu ba, kada a ɗora tukunya a kanta.

Ku lura, mutumin nan ba mugu ba ne, ba kuma wawa ba. Ya san shanu fiye da duk wanda ya ba shi shawara. Magana ɗaya ce ta kuɓuce masa a gaban mutane, sai ya ga ya fi sauƙi ya yanka abincin ɗansa da ya janye ta. Yawancin bashin biki da na gani a cikin ikilisiya ba daga son nama ya fito ba. Daga irin wannan magana ɗaya ya fito.

Ku lura kuma da dattijon. Lokacin da kake matse kanka don kada surukai su raina ka, sau da yawa su ma suna can suna matse kansu don kada ka raina su. Gida biyu suna shan wahala saboda tsoron juna, ba kuwa wanda ya nemi haka daga ɗan'uwansa. Saboda haka kafin a tsayar da rana, iyaye su zauna, maza da mata, kowa ya faɗi abin da yake da shi da bakinsa. A tambayi yaran ma, a kuma jira amsarsu, gama “To, Baba” ba kullum yarda ba ce. Akwai kunya a cikin wannan zama, ban ce babu ba. Manomin ya sha tasa, har da sunan da ya liƙe masa. Amma kunyar yini ɗaya ce, ta kuma fi arha a kan wadda ake sha a hankali, damina bayan damina, a gaban yarinyar da aka ɗauko daga gidan iyayenta.

Ubangiji yana duban alkawarin da mutum biyu suka yi a gabansa. Bai taɓa aiko kowa ya leƙa tukunya kafin ya sa albarka ba.

Saura mu, 'yan gayya. Kawun nan mu ne, tsohuwa mai guɗa ma mu ne. Ba da mugunta muke yi ba, wasa ne da murna. Amma wanda ake yi wa wasan yakan tafi da shi gida ya kasa cin abinci. Nan gaba kaɗan akwai aure a cikinmu, kun kuma san gidajen, kun san ƙarfinsu. In aka miƙo maka kwano ka ga tsoka ƙarama, ka karɓa da hannu biyu, ka yi godiya da ƙarfi yadda uban ango zai ji.